Yunwa da Jinƙai da Gafara: Bayani a kan Misalin Ɗan da Ya Ɓata

Akwai kalmomi uku da ke yawan fitowa daga bakin mai wa'azi a majami'un Kirista masu yin sujada da Hausa, watau yunwa, da jinƙai, da gafara. Ba ko ɗaya a cikinsu da Kirista suka ƙago. Kowane Bahaushe ya san su tun yana yaro, ko Musulmi ne, ko Kirista, ko Bamaguje. Abin lura shi ne yadda Kirista ke jera su, wannan na bin wannan, gama koyarwarsu a cikin jerin take. Wanda ke son ya ga jerin sosai, ba inda zai gan shi a fili kamar a cikin wani misali da Yesu Almasihu ya bayar, wanda ke cikin Linjilar Luka, sura 15, daga aya 11 zuwa 32. Ana ce da shi misalin ɗan da ya ɓata.

Tun cikin ƙarni na 19 aka soma juya sassan Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wani Bajamushe mai suna J. F. Schön ya yi aiki mai yawa a kai, ya kuwa sami taimakon wani saurayi Bahaushe, Dorugu, wanda matafiyin nan Barth ya kai Ingila a 1855. Amma littafin bai fito cikakke ba sai a 1932, bayan wahalar shekaru da Likita Walter Miller na Zariya ya sha tare da abokan aikinsa. Masu fassarar nan ba su tarad da harshen fanko ba. Sun iske Musulunci ya riga ya cika shi da kalmomin ibada, irin su tuba, da zunubi, da rahama, da gafara, da addu'a, sai suka ɗauka suka yi aiki da su. Saboda haka mai koyon Hausa zai ji kalma guda a masallaci, ya kuma ji ta a majami'a, ya kamata kuwa ya san irin kayan da kowane ɓangare ya ɗora mata. Na Kirista ne za a bayyana a nan.

Labarin

Gunaguni ne ya jawo misalin. Farisiyawa da malaman Attaura sun ga Yesu yana zama da masu karɓar haraji, har yana sa hannu a akushi guda da su. Masu karɓar haraji kuwa abin ƙyama ne a ƙasar Yahudawa a zamanin nan, don Romawa da sarakunan da Romawa suka naɗa suke yi wa aiki, suna kuma tsawwala wa 'yan'uwansu. Sai ya amsa wa masu gunagunin da misali uku a jere: tunkiya guda da ta ɓace cikin 100, da kuɗin azurfa guda da ya ɓace cikin 10, sa'an nan ɗa guda da ya ɓata cikin biyu. Ga yadda na ukun yake a taƙaice.

Wani mutum yana da 'ya'ya biyu maza. Ran nan sai ƙaramin ya zo ya ce uban ya ba shi rabonsa na dukiya. Uban bai yi musu ba, ya raba musu. Ba a daɗe ba yaron ya tattara nasa, ya kama hanya, ya tafi wata ƙasa mai nisa, ya yi ta sharholiya har dukiyar ta ƙare ƙaƙaf. Ana nan sai babbar yunwa ta auka wa ƙasar. Da ya rasa abin sawa a baka, ya je ya raɓu da wani mutumin wurin, shi kuwa ya tura shi kiwon aladu. Wuya ta kai shi har yana haɗiyar yawu a kan abincin aladun, ba kuwa wanda ya miƙa masa ko loma. Nan fa hankalinsa ya komo. Ya tuna 'yan ƙodagon gidan ubansa suna ci su ƙoshi har su bar saura. Ya shirya maganar da zai yi in ya isa: zai amsa laifinsa ga Allah da ga uban, ya ce bai cancanci sunan ɗa ba, ya roƙa a ɗauke shi aiki kamar sauran ma'aikata.

Bai kai ƙofar gida ba uban ya hango shi, ya sheƙo a guje, ya rungume shi. Yaron ya soma maganar da ya shirya, amma bai kai ga roƙon aikin ba uban ya kira barori, ya ce a kawo riga mafi kyau, da zobe, da takalmi, a kuma yanka maraƙin da aka turke, a yi biki. Wan kuwa yana gona. Da ya komo ya ji kiɗa, ya tambaya aka gaya masa, sai ya husata, ya ƙi shiga. Uban ya fito yana lallashinsa. Ya ce shi shekara da shekaru yana yi wa gidan nan bauta, bai taɓa ƙetare umurni ba, ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ya ci da abokansa ba, ga wanda ya cinye dukiya da karuwai an yanka masa maraƙi. Uban ya amsa masa da taushin murya, ya tuna masa kullum suna tare, abin da ya rage duka nasa ne, amma murna ta zama dole tun da wanda aka fid da rai da shi ya komo da ransa. A nan labarin ya tsaya.

Yunwa

Kafin a gane nauyin yunwar yaron nan, sai an san girman abin da ya yi. Bisa ga Attaurar Musa ɗan fari yana samun rabo biyu na gado, saboda haka inda 'ya'ya biyu ne, sai a kasa dukiya uku, babba ya ɗauki kashi biyu, ƙarami ya ɗauki ɗaya. Sulusin dukiyar gidan ke nan ya fita da shi. Ban da wannan kuma, gado bayan mutuwa ake cinsa. Ɗan da ya nemi gadonsa uban yana da rai, kamar ya ce masa ne ya gaji da jiran mutuwarsa. Bahaushe ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan wannan.

Alade kuma haram ne ga Bayahude, har mushensa ba ya taɓawa. Ɗan gidan mutunci ya koma makiyayin aladu a ƙasar da ba a san Attaura ba, ƙasƙanci ya kai matuƙa ke nan. Abincin da yake sha'awa kuwa 'ya'yan wani itace ne na ƙasashen bakin Bahar Rum, mai dogon kwanso da ɗan zaƙi, wanda ya yi kusa da ɗorawa. Dabbobi ake ba shi, matalauta kuma su kan ci in abinci ya yanke. Manomin ƙasar Hausa ya san irin wannan hali. Ya san tsakiyar damina, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa gero bai nuna ba, ana rufa ciki da tafasa da rama. Tsofaffi sun bar labarin yunwar 1914, na baya kuma sun ga farin 1973 da idonsu. In mai wa'azi ya ce yunwa, ba a tambayarsa ma'anarta.

To, malaman Kirista suna cewa yunwa iri biyu ce a cikin labarin, ta farko kuwa ta riga ta ciki zuwa. Yaron nan a ƙoshe yake ran da ya bar gida, ga tuwo ga miya. Wani abu ne dabam ke cin zuciyarsa, ya zaci dukiya da nisa da ido za su kashe shi. Wannan ita ce suke kira yunwar ruhu, watau marmarin da Allah ya sa a zuciyar ɗan Adam, wanda ba abin da ke ƙosar da shi sai Allah kansa. Mutum ya kan ji shi bai san sunansa ba, ya yi ta ɗura masa kuɗi, ko sarauta, ko mata, ko yabon mutane, ya ci ya ci ya tashi bai ƙoshi ba. Annabi Amos, wanda ya yi zamani cikin ƙarni na 8 kafin haihuwar Almasihu, ya yi wa Isra'ila kashedin wata yunwa da ba ta hatsi ba, ta rashin jin maganar Allah. A cikin Linjilar Yahaya, sura 6, bayan Yesu ya ciyad da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, jama'a suka bi shi washegari suna neman ƙari, shi kuwa ya juya zancen ya koma kan abincin da ba ya lalacewa, ya ce shi ne abincin. Babban malamin nan Agustin, wanda aka haifa a 354 a ƙasar da yanzu ake kira Aljeriya, ya ba da labarin ƙuruciyarsa ya kamanta kansa da yaron nan: ya nemi ƙoshi wajen ilmi da suna da jin daɗi, bai sami natsuwa ba sai da ya tuba, aka yi masa baftisma a Milan a 387. Azumin kwana 40 da 'yan Katolika da 'yan Angilikan ke yi kafin Ista, wanda ke somawa ran Larabar Toka, ɗaya daga cikin manufofinsa ke nan: a bar ciki ya yi kuka kaɗan, don ya tuna wa mai shi da ɗaya yunwar.

A nan ne misalin ya fara cin karo da hikimar mutane. Hausawa suna cewa, "Kowa ya tuba don wuya, ba lada." Suna kuma da abin da suke kira tuban muzuru, watau tuban wanda ke ba da haƙuri da kaza a bakinsa. In an auna yaron nan da wannan mudu, ba zai cika ba. Luka bai ce kewar uban ta kama shi ba, bai ce tausayin tsohon ya tashe shi ba. Tuwon 'yan ƙodago ya tuna. Wuya ce ta koro shi, ba shakka. Duk da haka aka karɓe shi. Abin da Kirista ke ɗauka daga nan shi ne, Allah ba ya jira sai niyyar mutum ta yi tsab tukuna. Kalmar tuba daga Larabci take, asalin ma'anarta kuwa komowa. Yaron ya tashi, ya juya, ya kama hanyar gida, ya kuma amsa laifinsa bai ɗora wa fari ko abokai ba. Bambancinsa da muzuru ke nan: ya zo ba kaza a bakinsa.

Jinƙai

Jinƙai kalma biyu ce aka haɗa, ji da ƙai, shi ya sa ake raba su in ana yi wa mamaci addu'a, a ce, "Allah ya ji ƙansa." Tana kusa da tausayi, amma ba ɗaya suke ba. Tausayi yana iya tsayawa a zuci, mutum ya ga miskini ya girgiza kai ya wuce. Jinƙai kuwa sai an gan shi a aikace, don haka ake ce wa taimakon da ake kai wa waɗanda bala'i ya auka wa ayyukan jinƙai. Rahama kuma daga Larabci take, tushenta ɗaya da sunan mahaifa a wannan harshe, haka kuma yake a Ibrananci. Da Helenanci aka rubuta Linjilar Luka, kalmar da ya yi aiki da ita a kan abin da uban ya ji kuwa daga sunan kayan ciki aka samo ta, kamar a ce hanjinsa ya motsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe, wanda ke ajiye murnarsa da ɓacin ransa a ciki, ya ce farin ciki, ya ce baƙin ciki.

Sai a duba abin da jinƙan ya sa tsohon nan ya yi. Da fari, ya hango yaron daga nesa, alamar idonsa bai bar hanya ba ke nan tun ran da aka tafi. Na biyu, ya yi gudu. Dattijo mai gida ba ya gudu, ko a ƙasar Yahudawa ta wancan zamani ko a ƙasar Hausa. Sai ya tattare riga, ƙwaurinsa ya fito, yara su yi ta kallo. Bisa ga al'ada shi zai zauna a zaure, mai laifi ya nemo dattawan unguwa su yi masa iso, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sha faɗa, kana a ce ya tashi. Tsohon nan ya zubad da girmansa a kan hanya, ya ɗauki kunyar da ta kamata ta rufe yaron ya yafa wa kansa. Duk wanda ya so ya yi wa yaron tsiya a bakin gari, sai ya iske shi a rungume a ƙirjin ubansa.

Na uku, bai bari a kai ga zancen ƙodago ba. Dabarar yaron ita ce ya yi aiki a biya shi, ya ci guminsa, watakila ma ya rage bashin da kaɗan kaɗan. Uban ya rushe dabarar da abu uku. Riga mafi kyau ta manyan baƙi ce. Zobe alamar iko ne a cikin gida. Takalmi kuwa shi ke raba ɗa da bawa, gama bayi ba takalmi suke yawo. Ba a ce ya yi wanka tukuna ba, ba a ce a gwada shi wata shida a gani ba.

Karin magana ya ce, "Kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Gaskiya ne a zaman duniya, gama wanda ya yi nisa ya kan komo ya tarar an rabe ɗakinsa. Amma akwai wani karin da ya ce, "Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar." Misalin ya bi bayan na biyun, har ya wuce shi, don mai ruɓaɓɓen hannu haƙuri yake yi da shi, tsohon nan kuwa biki ya yi. Abin da Kirista ke nufi da alherin Allah ke nan: kyauta ce da ke tarbar mutum tun bai biya kome ba, ba kuwa zai iya biya ba.

Gafara

Gafara ma daga Larabci take, asalinta rufewa. Ta shiga bakin Hausawa ƙwarai, har mai neman a ba shi hanya ya kan ce, "Gafara dai," ana kuma gai da malami da "Allah ya gafarta malam." Tana da abokiyar tafiya, watau yafewa. Galibi an fi neman gafara wurin Allah, yafewa kuwa tsakanin mutum da mutum, ko da yake su kan shiga wa juna. Mai shirin doguwar tafiya, ko wanda ciwo ya tsananta masa, ya kan tara nasa ya ce a yafe masa, su kuwa su ce sun yafe duniya da lahira. Abin da ya kamata a riƙe shi ne, da wannan kalma ake barin bashi. Wanda ya ce, "Na yafe maka kuɗin," ya saki haƙƙinsa ke nan.

Haka yake a Helenancin Linjila: kalmar da ake yafe zunubi da ita, da ita ake sakin bashi. A cikin addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa, wadda ake kira Addu'ar Ubangiji, roƙon abincin yini da roƙon gafara suna manne da juna, a rubutun Matiyu kuma laifofin mutum basusuka aka kira su. Matiyu ya kawo wani misali a sura 18 wanda ya fito da lissafin a fili. Bitrus ya tambaya ko sau bakwai ya isa a yafe wa ɗan'uwa, aka ce masa sau 77, ko kuwa 70 sau 7, gwargwadon yadda aka karanta adadin. Sa'an nan aka ba shi labarin wani bara da sarki ke bi talanti 10,000. Dinari guda shi ne ladan lebura na yini ɗaya, talanti guda kuwa wajen dinari 6,000 ne. Bashin ya kama dinari 60,000,000 ke nan. In lebura yana aiki kwana 300 a shekara, bai taɓa ko anini ba, sai ya shekara 200,000 kafin ya biya. Baran ya faɗi yana roƙo, sarki ya yafe masa duka. Fitarsa ke da wuya sai ya gamu da wani abokin barancinsa wanda yake bi dinari 100, watau ladan aikin wajen wata huɗu. Ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Da labari ya kai kunnen sarki, ya komo da shi ya hukunta shi. Hausawa sun ce, "Bashi hanji ne, yana cikin kowa." Koyarwar misalin ke nan, sai dai ta ƙara da cewa wanda ake bin mutum ya fi wanda yake bi nesa ba kusa ba.

Akwai wani abu game da bashi wanda ba a cika faɗa ba. In manomi ya ranta wa maƙwabcinsa buhu goma na gero, daga baya ya ce ya yafe, geron ba ya komowa rumbu. Wani ne ya ci hasarar, shi ne kuwa mai yafewar. Sulusin dukiyar tsohon nan ya tafi har abada, rungumar da ya yi wa ɗansa ba ta komo da ko tunkiya guda ba. Saboda haka Kirista ba su ɗauki gafara abu mai araha ba. Bangaskiyarsu ita ce, a kan gicciye ne Allah ya ɗauki hasarar bashin 'yan Adam a kansa, ta wurin mutuwar Almasihu. A nan ne suka rabu da Musulmi, waɗanda su ma sun gaskata Allah mai gafara ne mai jinƙai, amma ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba. Kalmar dai guda ce a bakin duka biyu.

Wan da ya ƙi shiga

Da yawa su kan manta da wan, alhali kuwa saboda masu hali irin nasa aka ba da misalin. Kukansa kuma ba na banza ba ne. Tun da an riga an yi rabo, abin da ya rage a gidan duka nasa ne. Rigar da aka sa wa ƙanen, da zoben, da maraƙin, daga cikin kashinsa suka fito. Ashe shi ma ana neman ya ci hasara ne. Bahaushe ɗan fari zai ji wannan a jikinsa, don a al'adar Hausawa iyaye suna yi wa ɗan fari alkunya, ba su kama sunansa, ba su nuna masa so a gaban mutane, auta kuwa shi ne ɗan lele.

Amma maganarsa ta tona abin da ke cikinsa. Zamansa a gidan uba bauta ya kira shi. Yana lissafin shekaru, yana jiran lada, ladan kuwa ɗan akuya. Ƙanen ya so ya komo ya zama ɗan ƙodago, wan kuwa ashe tuntuni ɗan ƙodago yake a zuciyarsa. Shi ma da yunwarsa, yana tsaye a bakin rumbu cike. Da yake magana bai ce ƙanensa ba, ɗan uban ya kira shi, kamar ba abin da ya haɗa su. Uban kuwa da zai amsa, sai ya mayar masa da kalmar ɗan'uwa. Sau biyu ke nan tsohon nan yana fita daga gida a yini guda, sau ɗaya domin wanda ya ɓata a nesa, sau ɗaya domin wanda ya ɓata a gida.

Masu jin zafin abin da aka yi musu suna da nasu karin maganar: "Rama cuta ga macuci ibada ne." Koyarwar Kirista ta ƙi wannan sarai. Amma ba ta ce a kira cuta da wani suna ba, ba ta kuma ce alƙali ya rufe ɗakin shari'a ba. Mai yafewa nasa haƙƙin yake saki, watau ramuwa da ƙullin zuci, hukuncin hukuma kuwa dabam yake. An ga wannan a Roma. Ran 13 ga Mayu 1981 wani Baturke, Mehmet Ali Agca, ya harbi Paparoma Yohanna Bulus na 2, ya ji masa mummunan rauni. Paparoman ya yafe masa, har ya je kurkuku ya zauna da shi ran 27 ga Disamba 1983. Duk da haka mutumin bai bar kurkukun Italiya ba sai a 2000.

Inda ake sujada da Hausa ma an gwada wannan koyarwa da wuta. A rikicin da ya tashi a Kaduna a 1992, bayan na Zangon Kataf, James Wuye yana cikin shugabannin samarin Kirista masu faɗa, Muhammad Ashafa kuma yana cikin na Musulmi. Wuye ya rasa hannunsa na dama. Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, suka soma magana, kowa yana zargin ɗan'uwansa. Ashafa ya sauko bayan ya ji huɗuba a kan yafewa a masallacin Juma'a, da uwar Wuye ta kwanta ciwo kuma ya je asibiti ya gaishe ta. Shi kuwa Wuye, wanda ya zama fasto, ya faɗa da bakinsa cewa ya yi shekaru suna tafiya tare, suna kwana ɗaki guda, zuciyarsa tana raya masa ya kashe abokin tafiyarsa, sai da wani mai wa'azi ya gaya masa ba a shelar Almasihu da ƙiyayya a ciki. Suka kafa cibiyar sulhu a Kaduna, suka sa hannu cikin aikin da ya kai ga yarjejeniyar zaman lafiya ta shugabannin addini a Kaduna a 2002, da ta Yelwan Shendam a Jihar Filato a 2005. Abu biyu ke cikin labarinsu. Yafewa ba aikin yini guda ba ne, ta kan ci shekaru, mutum ya yafe yau gobe abin ya taso ya sāke yafewa, watakila dalilin lissafin da aka ba Bitrus ke nan. Hannun Wuye kuma bai komo ba, malamin Ashafa bai tashi ba. Kowannensu ya ci tasa hasarar.

Ga jerin ke nan yadda Kirista ke koyar da shi. Yunwa ta koro mutum gida, jinƙai ya tarbe shi a hanya, gafara ta soke bashinsa, sa'an nan a nuna masa wanda shi yake bi, a ce saura kai. Duk ran Lahadi da jama'a suka karanta Addu'ar Ubangiji, suna roƙon a yi musu yadda suke yi wa masu yi musu laifi, sharaɗi ne kuwa mai nauyi ga wanda ya san abin da bakinsa ke faɗi. Luka bai ce wan ya shiga ba, bai kuma ce ya juya ya koma gona ba. Ya bar shi tsaye a ƙofar gida, ana kiɗa a ciki, uban yana gabansa yana jiran amsa. Farisiyawan da suka yi gunaguni aka bar wa su ƙarasa labarin, haka kuma aka bar wa kowane mai jinsa.